Yadda Illa Wanzami Ya Koyi Yanka Ba Jini

Illa Wanzami ƙanen kakana ne na wajen uwa, saboda haka ina da izinin in faɗi abin da na ga dama a kanshi, shi kuma shina da izinin shi ce ƙarya nike. Shi ya yi mani askin suna, shi ya cire mani beli, shi ya ja mani zanen da ke kumatuna, shi kuma ya yi mani ɗayan aikin da ba a rubutawa ga takarda. Duk namijin da anka haifa a Kwaren Aduwa, garinmu da ke tsakanin Buza da Garhanga, ya taɓa yin kuka a hannun Illa. Har maigari.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kanshi kullum tas kamar sabuwar ƙwarya, ko da shike har yau ban gano wanda ke yi mashi nashi askin ba. An haife shi kafin Nasara su kafa bariki a Madawa. Ubanshi Jima wanzami ne, kakanshi ma haka. Da Jima ya rasu bai bar mashi saniya ko raƙumi ba, sai gona guda bisa dutsi da zabira, wato jakar fata ta wanzamai, mai ɗauke da asake, da ƙaho huɗu, da dutsin washi da ya lotsa a tsakiya don tsufa. Shekarar da fara ta cinye gero, mutane sunka watse, Illa ya rataya zabirar nan ya bi hanyar Ƙwanni har Sakkwato, shina aske kawunan fatake suna ba shi fura. Da ruwa ya sauka ya komo da buhun iri bisa jaki, ya tarar da matarshi Delu ta riƙe gida da tafasa da ganyen jiga. Tun daga ranar ba ta bari shi manta da haka.

A wurin Illa duk ciwon duniya mugun jini ne. Ciwon kai, mugun jini. Ciwon baya, mugun jini. Wani ya taɓa gaya mashi matarshi ta yi yaji, ya ce shi zo a kafa mashi ƙaho. In ya tsaga, tsagawa shike sosai, shi matse da hannun hagu har jini shi gangaro, shi goge da tsumma, shi shafa baƙin tukunya, kwana ukku wuri ya kame. Da wannan hannu ya yi suna har Kaita.

Akwai kuma wata doka garinmu wadda ba wanda ya rubuta ta. Gidan da uban wanzami ya yi wa aiki, na ɗanshi ne. Da kaka a kai mashi damen hatsi, ranar suna a ba shi ƙafar rago, shi kuma duk ƙarfen da zai taɓa jikin ɗiyan gidan, nashi ne. Babba in ya ga dama shi tafi shi yi aski Buza ranar kasuwa, ba komi, gori kawai zai sha. Amma yaro, a'a. Wani ƙarfe shi fidda jinin yaro alhali wanzamin gidan na raye, wannan cin fuska ne da sai an tara dattijai.

To, shekara ta ukku da fara yaƙin Jamus, cikin bazara, ranar wata Laraba sankiran maigari ya hau turmi tsakar kasuwa ya fara karanto saƙon kwamanda da ka, kamar kullum. A gyara bakin rumbun tsimi kafin damina. Garin da ya tara duwatsu da tsakuwa za a aiko mashi magini da siminti don rijiya. Sai na ƙarshe, wanda ya sa masu nono sunka bar ciniki: agana ta ɓulla wajen Ibohaman, an hana cin kasuwa can, kuma likita zai zo Asabar shi yi wa kowa lamba ta rigakafi, babba da yaro.

Ba mai buƙatar a gaya mashi mi ce ce agana. Kowane gida akwai mai zanzanar fuska, akwai kuma wanda ba a zancenshi.

Asabar da hantsi likita ya iso bisa raƙumi, shi da gardi guda, dogarin Nasara, da akwati naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu don kar zafi shi kashe maganin. Sunanshi Ɗanasabe, ɗan Madawa, saurayi siriri mai farar riga. Shi dai anfirme ne, mai taimakon likita, amma mu duk mai farar riga da ƙarnin magani likita ne. Ya zauna ƙofar maigari, ya dama wani gari da ruwa mai yauƙi bisa ɗan faranti, ya fiddo wani ɗan ƙarfe kamar bakin alƙalamin da Mushe, malaminmu, ke ba mu a lakwal, makarantar boko. Maza munka yi layi, ya riƙa karce mana damtse, shi ɗiga magani, shi ce mu zauna inuwa. Kafin azahar ya gama da mu.

Mata kuwa sun zo, da goyo da ƴan tatata, sunka tsaya can gindin tsamiya, ko guda ba ta matso ba. Gardi ya fara kaɗa bulala ga ƙafar wandonshi. Ɗanasabe ya hana shi, ya tafi da kanshi.

"Iyayena, mi ya faru? Ba zafi, kun ga mazanku ba wanda ya mutu."

Furera, matar maƙerin gari, wadda ba a fin ta baki, ta ce, "Likita, ba tsoro ba ne. Mu da munka haihu, wannan ƴar ƙusa taka za ta ba mu tsoro? Ɗiyan nan na Baba Illa ne. In ƙarfenka ya taɓa su, da wane ido za mu dube shi ranar suna mai zuwa?"

Illa na zaune bisa buzu shina washin aska, kamar bai ji ba.

Da baƙo ne daga gaɓar teku, da ya saki gardi. Amma Ɗanasabe ɗan ƙasa ne, gidansu ma akwai wanzami. Ya je ya durƙusa gaban Illa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, aikin nan naka ne. Ni in dama magani, kai ka shiga gida-gida ka yi wa yara da iyayensu mata. Amma ka duba in gwada maka. Ja biyu kawai, sama-sama, kamar kaza ta taɓa ƙasa. Kar jini shi fito. Ka ɗiga magani, kar ka goge, ka bari shi bushe."

Illa ya dubi ɗan ƙarfen, ya dubi Ɗanasabe.

"Yaro, ranar da na fara riƙe aska uwarka ba ta fara ɗaukar tulu ba. Riƙe tsinkenka. Ba ni faranti."

Ya shiga gari da askarshi. Ɗanasabe bai bi shi ba, don baƙo ba shi shiga cikin gidajen mutane, ga kuma ƴan ƙauyuka sun fara isowa. Abin da ya faru ciki, mata sunka ba da labari daga baya. Illa ya yi aiki tsakaninshi da Allah. Ya tsaga kamar yadda ubanshi ya koya mashi, ya matse mugun jini ya fita, ya ɗiga maganin Nasara bisa jinin da ke gudu, ya goge tas, ya bi da baƙin tukunya don kar wuri shi ɓaci. A ganinshi ya gyara wa yaro aikin da bai iya ba.

Likita ya ce zai komo ran kwana takwas shi duba. Kafin ranar, mu maza munka shiga ukku. Damtse ya kumbura, ya yi ƙurji mai ruwa, hammata ta yi kaluluwa, wasu har da masassara. Maƙeri ya kasa ɗaga masaba. Yara kuwa ras, wuri ya warke kamar ba a taɓa ba, suna ta guje-guje. Gari ya ɗauka: hannun Illa daban ne. Wata tsohuwa ta aiko mashi zabo.

Ranar takwas, tun kafin raƙumin Ɗanasabe shi gurfana, Illa ya jera yara ƙofar maigari, ya jera mu maza gefe guda, kamar mai baje kaya kasuwa.

"Likita, sannu da hanya. Zo ka ga aiki. Wannan layi nawa ne, wancan naka. Dubi nawa, ko ƙuda bai samu wurin sauka ba. Dubi naka, duk ka ruɓar da mutane. Ban ce ka ji kunya ba, yaro ne kai, za ka koya."

Anka yi dariya. Ɗanasabe bai yi ba. Ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya shina murza damtsensu da yatsa, fuskarshi na ƙara ɓaci. Da ya kai ƙarshen layi ya ce, "Baba, jini ya fita?"

"Sosai. Ban bar ko ɗigo na mugun ba."

"Ka goge?"

"In bar ɗiyan mutane da ƙazanta?"

Ɗanasabe ya juya wajen maigari. "Ranka shi daɗe, wanda ya kumbura ya yi ƙurji, shi ne ya kama. Wanda ya warke tas, jini ya wanke maganin, babu komi jikinshi. Yaran nan da iyayensu mata duk kamar ban zo ba."

Wuri ya ruɗe. Wani ya ce yaro na neman rufe kunyarshi ne. Illa ya ce tun da shike bai taɓa jin inda anka yabi miki don ya ruɓe ba. Da haka za a watse, sai Hamma ya miƙe. Hamma Bafillace ne da ke sauka bakin kwarenmu kowace bazara, shina magana da shanunshi da Fillanci, da mu kuma da Hausa, in ya ga dama. Ba mai yawan zance ba ne. Ya zame riga daga kafaɗa, ya nuna wani tabo mai faɗin tamma, kuɗin ƙarfen nan, mai ramuka-ramuka.

"Baba Illa, an yi mana irin wannan lamba a kasuwar Tawa, ni da ƙanena Bakari. Nawa ya kumbura, na kwana biyat ban bi shanu ba. Shi da munka fita ya wanke nashi da ruwan tsamiya, ya warke, shina yi mani dariya. Bayan shekara biyu agana ta shigo rugarmu. Ni na yi jinyarshi, tabarma guda muke kwana. Ni na binne shi. Ko ƙurji guda bai fito mani ba."

Ya maida riga ya zauna.

Illa ya dubi layin yaran nan, waɗanda duk shi ya yi musu askin suna. Can ya ce, a hankali, "Ke nan tsirara suke?"

"Tsirara suke, Baba. Kuma kwalba biyu ta rage mani. Saboda yaƙi, wani akwatin ba zai zo ba sai bayan damina. Wannan karon ni zan yi da hannuna, ko da gardi zai riƙe mani su."

Illa ya tashi, ya cire zabira daga kafaɗa, abin da ko masallaci sai dai shi aje ta gabanshi, ya kai ta gaban maigari.

"Ranka shi daɗe, ga ta Jima nan. A ba ni kwana ukku. In sake yi, likita na zaune kusa da ni. In ya ga jini ya ɗiga sau guda, shi karɓa, ni da kaina zan riƙe mashi yaran. In kuma kwana takwas sunka cika bai kama ba, ka ba wanda ka ga dama zabirar, na bar wanzanci."

Maigari ya ce, "Illa, ba sai ta kai ga haka ba."

"Ta kai. Wanda ya bar ɗiyan gari tsirara ba shi da hannun da zai sake taɓa kansu." Ya juya ga Ɗanasabe. "Likita, ba ni tsinken nan naka."

Karon farko ke nan da ya ce mashi likita ba da gatse ba. Ɗanasabe ya ba shi guda, ya binne kwalaben cikin tukunya ƙarƙashin jiƙaƙƙen rairayi bakin rijiyar kware, ya wuce ƙauyukan Garhanga duba waɗanda ya yi wa lamba.

Kwana ukkun nan, duk wanda ya bi ta ƙofar Illa sai ya ga abin mamaki. Dattijo na zaune gindin bango da kwandon albasa gabanshi. Shi ɓare busasshen ɓawo, shi ɗauki tsinken likita shi ja bisa ƴar fatar nan mai sheƙi. In ruwa ya tsattsafo, ya yi zurfi, shi jefar shi ɗauki wata. Ranar farko duk wadda ya taɓa sai ta tsage gida biyu. Idonshi na ta zuba.

Delu ta fito ta tsaya kanshi riƙe da ƙugu.

"Maigida, albasar da na sawo Madawa don talla ce kake yi wa zanen gado?"

"Aiki nike."

"Kuka kake."

"Albasa ce."

"To in ka gama ka raɗa musu suna, ka karɓi ƙafar rago. Ni dai yau miyarmu albasa, gobe albasa, maƙwabta ma na aika musu sun ce ya isa."

Ta koma ciki, amma da la'asar ita ta je gidan Furera ta aro mashi wani kwandon. Rana ta biyu ya fara samun guda cikin ukku. Rana ta ukku da safe ya naɗe wando ya gwada ga cinyarshi, ja biyu, fata ta yi fari ta ɗan yi ja, ba jini. Ya kira Delu ta gani. Ta ce ta gani shekara talatin, ba sabon abu.

Saura matsala guda, hannun hagu. Dama ta koyi sauƙi, amma hagu ba ta ji labari ba. Da ya ja, sai ta kai da kanta ta matse ta goge, kafin shi farga. Ya yi mata faɗa, ya zauna bisanta, ta zame. Ranar da Ɗanasabe ya komo anka taru gindin tsamiya, sai ga Illa ya fito da hannun hagu ɗaure baya ga ɗamararshi da igiyar akuya, Delu na biye da shi.

Maƙeri ya ce, "Baba, mi ka sata?"

Delu ta ce, "Albasa."

Anka fara. Ɗanasabe na dama magani, shina gasa tsinken ga wuta shi bari shi huce, uwa na riƙe damtsen ɗanta, Illa na ja. Kana ganin kafaɗarshi ta hagu na motsi tana neman ƙwacewa. Gumi na ɗiga daga gemunshi. Yaro ya wuce, wani ya wuce, har anka zo kan Husaina ƴar Furera, mai shekara huɗu, wadda ta gado uwarta. Tsinke na sauka ta fizge. Wuri ya yi ja. Illa ya daskare. Ɗanasabe ya sunkuya har hancinshi na taɓa damtsen yarinyar, ya daɗe shina kallo.

"Ja ne, bai ɗiga ba. Ci gaba, Baba."

Furera ta sauke numfashi ta dungure kan ƴar. Kafin rana ta take sun gama da yara da iyayensu mata, kwalba biyu sun ƙare ƙaf, saura ɗan abin da ya maƙale ga faranti, Ɗanasabe ya kankare ya adana.

Sai jira. Zabira na rataye zauren maigari. Wanzami mafi kusa na Garhanga, kuma ba wanda ya yarda shi je, don kar a ce ya riga ya binne Illa. Juma'a ta zo, maza sunka shiga masallaci da kawuna kamar gonar da ba a nome ba. Illa kuwa ya zama maye, inda duk ya ga yaro sai shi kama shi shi ɗaga mashi hannu. Kwana biyu ba komi. Kwana ukku ba komi, ya daina cin tuwo, Delu ta daina yi mashi ba'a, wanda shi ne ya fi ba mu tsoro. Na huɗu wasu sunka yi ɗan jan tsiro, ya ce cizon sauro ne, kar a ruɗe shi.

Rana ta shidda da hantsi sai ga Furera ta ratso gari da Husaina saɓe ga kafaɗa, yarinya na tsala ihu.

"Baba Illa! Fito ka ga abin da ka yi mani! Jiki zafi kamar murhun ubanta, ta hana ni daka, ta hana ni ɗiban ruwa!"

Illa ya fito ba takalmi, ya ɗaga damtsen. Ƙurji ne ya taso cike da ruwa, da ɗan rami a tsaka, kewaye ja wur.

"Alhamdu lillahi! Ya ruɓe! Delu, zo ki gani, ya ruɓe!"

Ya bi gari gida-gida shina sallama shina tambaya, "Naku ya ruɓe?" In anka ce e, shi ce barka. Wani baƙo mai saida gishiri da ya ji haka ya ɗaure kayanshi ya bar garin.

Ran kwana takwas Ɗanasabe ya sake bin layi. Duk sun kama sai yara ukku, ya ce ko a hannun lokotoro, babban likitan Tawa, akan samu haka, ya miƙa wa Illa ragowar maganin ya sake yi musu. Bayan wata guda agana ta shigo mana ta hannun wani falke. Ta ɗauki wata tsohuwa da ba ta gari lokacin lamba, ta zana fuskar mutum biyu, ta fita ba ta taɓa yaro ko guda ba. Tun daga shekarar, in likita zai zo, Illa ake fara aika wa, kuma wanzaman Urno sun zo har gida ya koya musu.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, maigari ya sa anka ɗauko zabira, ya miƙa wa Illa da hannu biyu. Masu sumar kwana goma sha ɗaya sunka fara ture juna, kowa na son shi zama na farko. Illa ya ce duk su ja baya, baƙo ake fara yi wa. Ya kama Ɗanasabe ya zaunar da shi bisa buzu, ya jiƙa mashi kai, ya aske tas, ya ɗaga mashi haɓa ya aza aska daidai maƙogwaro.

"Likita, faɗa mani gaban jama'a. Ni da kai, wa ya fi hannu?"

Ɗanasabe bai ko haɗiye miyau ba. "Kai, Baba."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Kai ne, Baba!"

Illa ya dubi mutane. "To, ku shaida. Ba tilas na yi mashi ba."